Fluconazole, Na Matsi, Nystatin ko Boric Acid: Wanne Ya Dace Idan Kandida Ta Daina Jin Magani?

Mace ta sha ƙwayar fluconazole guda ɗaya, ƙaiƙayin gaba ya lafa, bayan mako uku ya dawo. Ta sake sha, a wannan karon ko lafawa bai yi ba. Daga nan sai shawarwari su yi mata yawa. Wata ta ce ta koma na matsi, wata ta ce ta ninka ƙwayar, wata kuma ta ce ai boric acid ake yayi yanzu. Haka ita ma uwar da ta yi kwanaki tana ɗiga wa jaririnta magani a baki, farin da ke kan harshensa yana nan daram, kan nononta kuma ya fara zafi. Tambayarsu ɗaya ce: a ci gaba da wannan maganin, ko a canza, kuma a canza zuwa me?

Ƙwayar Kandida ce ke kawo wannan matsala. Halitta ce dangin yis da ke zaune a fata da baki da hanji da gaban mace lami lafiya, sai idan ta samu sarari ta yi yawa. Kusan mata uku cikin huɗu za su gamu da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwa, kuma wani ƙiyasi da aka wallafa a 2018 ya ce mata kimanin miliyan 138 ne a duniya take yi wa dawo-dawo a kowace shekara. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙwayoyi 19 na dangin fungus (babban dangin da yis ke ciki) da suka fi tayar mata da hankali, ta saka Candida albicans a rukunin farko, saboda ɓarnar da take yi idan ta shiga jini da kuma yadda bijire wa magani ke ƙaruwa. Ita wannan albicans ɗin ita ce ke haddasa mafi yawan ƙaiƙayin mata da farin bakin jarirai.

Kafin a fara auna magunguna

'Yar'uwa, abin da zan fi nanata miki shi ne: rashin jin sauƙi ba ya nufin ƙwayar ta bijire. Sau da yawa ba Kandida ba ce tun farko. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, an gwada matan da suka sayi maganin Kandida da kansu suna da yaƙinin ita ce, sai aka tarar kusan ɗaya cikin uku ne kawai ke ɗauke da ita ita kaɗai. Sauran bakteriya ce ta dame su, ko cututtuka biyu a haɗe, ko ma babu wata ƙwayar cuta sam. Mukan tara komai mu kira shi sanyi, alhali kowanne da maganinsa. Kandida takan zo da ƙaiƙayi mai tsanani, da jan fata, da farin ruwa mai kauri kamar madarar da ta tsinke, galibi ba wari. Ruwa mai ƙarni, ko ruwan ɗorawa ko kore mai kumfa, ko ciwon mara da zazzaɓi, wata magana ce daban, kuma magungunan da ke ƙasa ba su ne ainihin maganinsu ba.

Bijirewa ta gaskiya kuwa iri biyu ce. Akwai jinsin da tun asali fluconazole ba ya cin sa, kamar Candida krusei, da wanda yake jin sa sama-sama, kamar Candida glabrata. Ire-iren waɗannan su ake samu a kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na matan da cutar ke yawan dawo musu. Akwai kuma albicans ɗin da a da tana jin magani, amma yawan haɗuwa da shi ya koya mata kare kanta. Magungunan da sunansu ya ƙare da "azole" suna aiki ne ta hanyar hana ƙwayar ƙera wani maiƙo mai suna ergosterol, wanda da shi take gina fatarta. Idan ta jima tana cin karo da maganin ba tare da ya gama da ita ba, sai ta sauya siffar wurin da yake kamawa, ko ta ƙara yawan wasu ƙananan famfuna a jikinta da ke fitar da shi waje kafin ya yi aiki. Wasu daga cikin waɗannan famfuna ba sa tantance wannan azole da wancan. Shi ya sa tsallakawa daga fluconazole zuwa wani ɗan'uwansa na sha ba kasafai take fisshe ki ba.

Gwajin da ke raba gardama shi ne a ɗebi ruwan gaba da ɗan tsinken auduga, a duba a madubin likita, sannan a shuka shi a ɗakin gwaji don a san jinsin ƙwayar. Duk wadda abin ya dawo mata sau uku ko fiye a shekara guda, ko ya dawo cikin wata biyu da gama magani, kuɗin wannan gwaji ya fi mata arha a kan ta ci gaba da saye cikin duhu.

Ma'aunan da za a bi

Na farko kuma mafi nauyi: wane jinsin Kandida maganin yake ci. Na biyu, ko ya dace da mai ciki, mai shayarwa ko ƙaramin yaro, domin nan ne kuskure ya fi tsada. Na uku, ɗorewar waraka, wato ko abin zai dawo da zarar an daina. Sai sauƙin amfani, saboda maganin da ba a iya kammalawa shi ne ke renon bijirewa. Sai tsada da samuwa, sai kuma illa da karo da wasu magungunan da mutum yake sha.

Fluconazole na sha

Babu wanda ya kai shi sauƙi. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 150, an gama. Idan abin ya yi tsanani, likita kan ƙara ta biyu bayan awa 72. Yana da arha, ana samunsa kusan ko'ina, kuma a kan albicans da ba ta bijire ba yana aiki sosai. Wannan sauƙin nasa shi ne kuma ya jawo masa. Tun da ya shigo kasuwa wajen 1990 aka mayar da shi abin da ake haɗiya duk lokacin da aka ji ɗan ƙaiƙayi, har wasu sukan sha shi bayan kowace al'ada ba tare da wani ya duba su ba. Kowace ƙwaya da aka sha ba bisa buƙata ba tana ratsa hanji da baki da fata, tana kashe Kandida masu rauni, tana bar wa masu taurin kai fili.

Ga mai dawo-dawo akwai tsari na musamman: ƙwaya ɗaya a rana ta 1 da ta 4 da ta 7, sannan ɗaya duk mako har wata shida. Babban gwajin da aka wallafa a 2004 ya nuna cewa a ƙarshen watanni shidan kusan mata tara cikin goma ba su da alamar cutar, amma wata shida bayan daina sha, waɗanda suka rage lafiya ba su kai rabi ba. Tsarin yana danne cutar ne, bai cika tumɓuke ta ba, kuma a cikin matan da suka daɗe a kansa aka fi ganin albicans mai bijirewa. Ban ce kada a yi shi ba, domin ga wadda ƙaiƙayi ya hana ta barci da zaman aure, wata shida na sauƙi ba ƙaramin abu ba ne. Amma a fara shi bayan gwaji ya tabbatar da jinsin, likita kuma yana bibiya.

Mai ciki, ko mai tsammanin tana da shi, ta nisance shi. Wani bincike a ƙasar Denmak da aka wallafa a 2016 ya alaƙanta shan sa da ƙaruwar ɓari, kuma tun 2011 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shan sa da yawa na tsawon lokaci a farkon ciki na iya jawo nakasa ga jariri. Yana kuma karo da warfarin mai tsinka jini, da phenytoin na farfaɗiya, da wasu ƙwayoyin ciwon suga, yana iya taɓa hanta da bugun zuciya. Mai shan irin waɗannan ta faɗa wa likita ko mai harhaɗa magani kafin ta karɓa.

Clotrimazole da miconazole: na matsi da na shafawa

Danginsu ɗaya da fluconazole, amma akwai bambancin da ya sa nake fifita su a matsayin matakin farko. Ana saka su ne a inda cutar take, don haka yawan maganin da ke haɗuwa da ƙwayar ya ninka wanda jini ke kawowa, abin da ke shiga sauran jiki kuma kaɗan ne ƙwarai. A cutar da ba ta da sarƙaƙiya, warakarsu daidai take da ta na sha. Clotrimazole yakan zo da miligiram 500 na matsi sau ɗaya, ko 200 na dare uku, ko 100 na dare shida zuwa bakwai. Idan ana zargin ƙwayar ta fara taurin kai, ko abin ya yi tsanani, ana tsawaita shi zuwa kwana 7 zuwa 14, kuma a wasu lokutan hakan kan yi aiki a inda fluconazole ya gaza.

Su ne zaɓin mai ciki, na kwana bakwai cif, ba na dare ɗaya ba. Suna da arha. Matsalarsu ita ce ɓata kamfai, da ɗan zafi-zafi a daren farko, da kuma yadda mata da yawa kan ajiye su a rana ta uku da zarar ƙaiƙayin ya kwanta. Maiƙon da ke cikinsu yana raunana kwaroron roba, miconazole kuma ko na shafawa ne yana iya ƙara ƙarfin warfarin. A kan glabrata aikinsu ba abin dogaro ba ne.

Nystatin

Tsohon magani ne da ake rainawa ba bisa haƙƙi ba. Wasu masana mata biyu, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano shi a 1950 a ma'aikatar lafiya ta jihar New York. Ba dangin azole ba ne. Maimakon ya hana ƙera ergosterol, kama shi yake yi kai tsaye ya huda fatar ƙwayar ta zube. Saboda haka famfunan da ke fitar da azole ba sa hana shi aiki, kuma duk da shekaru sama da 70 ana amfani da shi, bijire masa bai yawaita ba. Hanji da fata ba sa tsotsar sa, shi ya sa illarsa kaɗan ce ga jariri da mai shayarwa.

Haƙuri yake so. Na matsi, mai yunit 100,000, dare 14 ake yi a jere. A kan albicans mai jin magani azole sun fi shi saurin kawo sauƙi, amma idan glabrata ce, yana cikin abin da masana suka amince a koma gare shi. Ba shi da tsada, sai dai na matsinsa ba a kowace ƙasa ake samu ba.

Boric acid

Nan ake buƙatar taka-tsantsan. Kafso ne mai miligiram 600 da ake matsawa sau ɗaya a rana na mako biyu zuwa uku, kuma yana kawar da cutar a wajen kashi 70 cikin ɗari na matan da ke da jinsin da ba albicans ba. Ga wadda gwaji ya nuna glabrata, ko albicans da ta bijire wa azole, da wuya a samu abin da ya fi shi a wannan farashi. Amma guba ne idan aka haɗiye shi, kuma kafsonsa ba ya da bambanci da na sha a ido. Gidan da ke da yara, a kulle shi nesa da sauran magunguna. Mai ciki ba ta amfani da shi, ba a sa shi a kan fatar da ta tsage ko ta yi rauni, ba a kuma saduwa a kwanakin da ake sa shi. Yadda ake tallata shi a intanet a matsayin abin tsabtace gaba na yau da kullum yana damuna ƙwarai. Magani ne na mataki na biyu, na ƙayyadadden lokaci, wanda likita ke rubutawa.

Sababbin magunguna

An amince da ibrexafungerp a Amurka a 2021, oteseconazole kuma a 2022. Na farkon sabon dangi ne da ke rushe bangon ƙwayar, na biyun azole ne da aka tanada don masu dawo-dawo. Dukansu suna da tsada sosai, ba a samunsu a yawancin ƙasashe, ba a ba mai ciki, oteseconazole ma ba a ba duk macen da za ta iya ɗaukar ciki. Ga mafi yawan masu karanta wannan, ba su shigo lissafi ba tukuna.

| Magani | Abin da yake ci | Tsawon amfani | Mai ciki | Tsada | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Fluconazole | albicans mai jin magani. Ba ya cin krusei, rauni a kan glabrata | Sau ɗaya, ko duk mako na wata 6 | A'a | Arha | Karo da wasu magunguna, renon bijirewa |
| Clotrimazole, miconazole | albicans. Ba tabbas a kan glabrata | Dare 1 zuwa 14 | Eh, kwana 7 | Arha | Raunana kwaroron roba, yankewa a tsakiya |
| Nystatin | Yawancin jinsuna, har da glabrata | Dare 14 | Da izinin likita | Arha zuwa matsakaici | Jinkirin sauƙi |
| Boric acid | glabrata da masu bijire wa azole | Mako 2 zuwa 3 | A'a | Matsakaici | Guba idan an haɗiye |
| Sababbi | Ya danganta da maganin | Ya danganta | A'a | Tsada sosai | Illa ga ɗan tayi, wuyar samu |

Yara: lissafinsu daban ne

Farin bakin jariri ana gane shi da cewa ba ya gogewa da sauƙi kamar ragowar nono, yakan bazu zuwa cikin kumatu da dasashi, idan aka kankare shi kuma wurin ya yi ja. Zaɓi biyu ne a gaba: ruwan nystatin da man miconazole na baki. Miconazole ya fi saurin warkarwa, amma ba a ba jaririn da bai kai wata huɗu ba, domin kaurinsa na iya shaƙe shi, kuma ko ga wanda ya kai, ɗan kaɗan ake shafawa da yatsa mai tsabta, nesa da maƙogwaro. Nystatin ya fi aminci ga ƙanana. Yawancin abin da iyaye ke ɗauka bijirewa ce a nan, yadda ake ba da shi ne matsalar. Maganin sai ya taɓa farin yake aiki, don haka ɗiga shi a bayan harshe jariri ya haɗiye asara ce. A shafa shi a cikin kumatu biyu da kan harshe, bayan shan nono, sau huɗu a rana, a ci gaba har kwana biyu bayan farin ya ɓace. Idan kan nonon uwa yana zafi ko ya yi ja, a yi musu magani tare, in ba haka ba za su yi ta miƙa wa juna. A riƙa tafasa kan bulumboti da duk abin da yake tsotsa. Fluconazole na ruwa yana nan ga wanda waɗannan suka gaza a kansa, amma likita ne ke auna shi bisa nauyin yaro.

Ruwan shuɗin nan da ake kira GV yana kashe Kandida kuma ba shi da tsada, sai dai yana iya ƙona bakin jariri ya yi gyambo, kuma a 2019 hukumar lafiya ta Kanada ta yi gargaɗi a kansa saboda fargabar cutar daji. Inda akwai nystatin, ban ga dalilin komawa gare shi ba.

Ƙurajen famfas na Kandida jajaye ne jawur, suna shiga cikin matsematsin cinya, da ƙananan ɗigo-ɗigo a gefe. Kirim ɗin clotrimazole ko nystatin ya isa, tare da yawan canza famfas da barin wurin ya sha iska. A guji kirim ɗin da aka haɗa magani biyu ko uku a ciki har da sitiroyid mai ƙarfi irin betamethasone. Yana kwantar da jan nan take, amma yana sirantar da fatar jariri, yana shiga jininsa a ƙarƙashin famfas, yana kuma ba ƙwayar damar yaɗuwa.

Yarinyar da ta bar famfas amma ba ta balaga ba, da wuya ƙaiƙayin gabanta ya zama Kandida, domin sinadarin estirojin da ƙwayar ke so bai yawaita a jikinta ba tukuna. Sabulu mai ƙamshi, tsutsar ciki, bakteriya ko yadda take tsarki sun fi zama dalili. A kai ta a duba ta. Idan kuma Kandidar ce da gaske tana dawowa, a auna sugan jininta.

Bakwaini da yaran da ke kwance a asibiti da robar ƙarin ruwa a jijiya, su ne bijirewa ta fi yi wa barazana, domin a wajensu ƙwayar jini take shiga. An samu Candida parapsilosis mai bijire wa fluconazole a ɗakunan jarirai na ƙasashe irin su Afirka ta Kudu, ga kuma Candida auris da aka fara ganowa a Japan a 2009, wadda kan bijire wa dangin magani fiye da ɗaya. Maganinsu allura ce ta asibiti irin amphotericin B, ba abin da iyaye ke zaɓa ba ne.

Wa ya dace da wanne

Idan karon farko ne ko abin yakan zo jefi-jefi, alamun kuma sun yi daidai da Kandida, na matsi na clotrimazole ko miconazole ya wadatar, a kammala shi ko da sauƙi ya samu. Wadda ba ta da ciki, ba ta shan maganin da zai yi karo, kuma ta san ba za ta iya jure matsi ba, fluconazole guda ɗaya ya halatta mata. Mai ciki, na matsi na kwana bakwai kawai, bayan ta sanar da ungozoma ko likitan da ke mata awo.

Wadda ta sha fluconazole sau biyu ba canji, kada ta sha na uku. Gwaji ne ya kamace ta. Idan ya nuna albicans mai jin magani kuma tana yawan dawowa, tsarin wata shida ko dogon matsi ne nata. Idan glabrata ce ko krusei, ko albicans da ta bijire, sai a duba nystatin na dare 14 ko boric acid a hannun likita. Idan kuma an samu glabrata amma babu ƙaiƙayi babu zafi, sau da yawa ba a buƙatar magani ko kaɗan.

Mai ciwon suga, mai shan sitiroyid, mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, da wadda ke yawan shan antibayotik, kowane magani ta zaɓa zai ci gaba da gazawa muddin ba a gyara tushen ba. Wasu sababbin ƙwayoyin ciwon suga da ke fitar da suga ta fitsari, irin su dapagliflozin da empagliflozin, su ma suna jawo ta, don haka a ambata su ga likita. Ba a yi wa miji magani sai idan shi ma yana da ƙaiƙayi ko jan fata. Jariri ƙasa da wata huɗu nystatin ne nasa, wanda ya haura kuma ana iya ba shi miconazole na baki. Duk jaririn da farin bakinsa ya wuce mako biyu ana magani, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi zazzaɓi, ko yaron da ya wuce shekara ɗaya farin baki yana dawo masa, a kai shi asibiti a binciki garkuwar jikinsa.